Na Sayar da Muryar Jitar Mahaifinmu a Dubai

A shekarun da abin nan ya faru ni ɗan kasuwa ne mai ji da kansa, ina saro jakunkuna da takalman mata a lungunan kasuwar Naif da ke Dubai ina turawa Kano ta kago. Rabin shekara ina Dubai, rabi ina gida. Muna haya a wani fulat a International City, ni da wani mutumin Zangon Kumasi da ke aikin haɗa lasifika da wayoyi a wani otal. Abu ɗaya sana'ata ta koya mini, na kuma riƙe shi kamar karatu, wato babu mai iya bambance asali da kwafi. Na sha ganin matan manya sun rataya jakar da na saro da araha suna yanga a gidan biki, ba wadda ta taɓa ganewa. Shi ya sa na raina idon mutane da kunnensu, na ɗauka kowa wawa ne sai ni. Edita, ina roƙo a sakaya sunana, don waɗanda abin ya shafa suna raye, kuma kunyar da na jawo musu ta isa haka.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya yi kiɗan jita mai aiki da lantarki a ƙuruciyarsa, cikin wata ƙungiya da ke wasa a otal-otal na Sabon Gari. Kafin in yi wayo ya bari, ya sauke farali, ya ƙona duk wani faifai da kaset da kiɗansa ke ciki, ya koma sayar da kayan gini. Amma 'yan unguwa ba su manta ba. Har na shiga sakandare ana ce mini ɗan mai jita, damben da na yi a kan sunan nan kuwa ba ya ƙirguwa. Na tsani jitar nan tun ban taɓa jin kukanta ba. Tana nan cikin akwatinta a ƙarƙashin gadonsa, bai ƙona ta ba, bai kuma taɓa gaya mana dalili ba. Da ya rasu aka zo rabon gado, malamin da ya raba ya ce a fitar da ita gefe, 'yan'uwana maza suka ce a farfasa ta kowa ya huta. Yayarmu, babbar 'yarsa, ita kaɗai ta ce a bar mata. Ta girme mu da nisa, ta riski zamanin da yake ɗora ta a cinya yana kaɗa mata. A gaban kowa na yi mata dariya ranar, na ce ta gaji abin kunya, ta je ta yi ta ajiya.

Bayan wasu shekaru, ana gobe zan tashi zuwa Dubai, sai ga Yaya a gidana da akwatin jitar ta naɗe shi da zani. Ta ce cikin abokan kiɗan Baba saura mutum ɗaya a raye, wani dattijo, kuma shi kaɗai ya san wani kiɗa da Baba ya tsara lokacin da aka haife ta. Ya amince zai kaɗa mata ta ɗauka a waya, amma ya ce sai da jitar abokinsa. An jona ta da lasifika ta ƙi magana, Yaya kuma ba ta yarda mai gyaran rediyo ya buɗe mata ita ba. Ta ce sallahu ta kawo, in kai mata gyara a Dubai. Duk mai zirga-zirgar nan ya san ƙa'idar sallahu: ba a ƙi, ba a buɗewa, yadda aka ba ka haka za ka mayar. Na karɓa ina huci. A filin jirgi abokan tafiya suka yi ta tsokanata, wai ɗan mai jita ya koma sana'ar gado. Na isa Dubai raina a ɓace, ina zagin jitar da mai ita a zuci.

Na kai ta wurin wani tsohon mai gyaran kayan kiɗa, ɗan ƙasar Filifin, a wani ɗan ƙaramin shago a Deira. Da ya buɗe akwatin sai ya ɗauko tabarau ya sa. Matsalar ba ta taka kara ta karya ba, waya ɗaya ce ta tsinke, nan take ya liƙe ta da dalma. Sannan ya nuna mini wasu ƙarafa biyu a kwance ƙarƙashin tsirkiyoyin, waɗanda masu sana'ar ke kira fikof. Ya ce maganaɗisu ne aka naɗe da siririyar wayar tagulla, su ke ɗaukar rawar tsirkiya su mayar da ita sauti, wato muryar jita a cikinsu take. Ya ce waɗannan na asali ne, ƙirar da aka daina tun kafin a haife ni, kuma masu tara tsofaffin kaya za su iya biyan kuɗin mota a kan su biyun. Ya gargaɗe ni kada in bari kowa ya taɓa su. Ya jona ta ya ɗan kaɗa, karo na farko da na ji ta ke nan. Ba zan ɓoye ba, tsikar jikina ta tashi, kuma hakan ya ƙara ba ni haushi. Abin da na fito da shi daga shagon nan dai maganar kuɗin mota ce.

Ba talauci ne ya sa ni ba, wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai yanzu. Kasuwata na tafiya lafiya lau. Mugunta ce da ƙyashi. Na yi ta gaya wa kaina cewa abin nan ya jawo mini gori tun ina yaro, ashe dukiya ce, kuma mace ɗaya ta kwashe ta kyauta don mu ba mu sani ba. Na koma wurin tsohon na ce ya cire mini su ya sa wasu. Ya tambaye ni jitar wa ce, na ce tawa. Ya dube ni ya ce jiya na gaya masa ta 'yar'uwata ce, ya miƙo mini akwatin ya nuna mini ƙofa. Na zage shi da Hausa, shi ma ya mayar mini da yarensu. Abokin zamana ne ya yi aikin. Ya samo wani Bature mai saye ta hanyar mutanen otal ɗinsu, ya kwance ƙarafan a tsakar falonmu, yana ɗaukar su hoto ta ko'ina don ya tura wa mai sayen. Muka shiga katafariyar kasuwar 'yan Caina da ke kusa da mu muka sayo sababbi masu kama da su. Ni da hannuna na goge su da sanfefa, na shafa musu ruwan shayi da toka har suka yi kalar tsufa. Na yi wa abokin zaman nawa alkawarin la'ada mai tsoka, da kuɗi suka shigo hannu na ba shi abin da na ga dama, na ce ai kwance noti kawai ya yi.

Yaya ta yi murna har da hawaye da na dawo Kano na mayar mata da jitar, ta yi ta sa mini albarka. Na koma Dubai hankalina kwance. Bayan kamar mako biyu ina tsakiyar ciniki a Naif ta kira ni a waya. Ta ce dattijon ya zo, an jona jitar, ya taɓa tsirkiya sau uku ko huɗu sai ya tsaya, ya sake taɓawa, sannan ya ajiye ta a hankali. Ya ce itacen na abokinsa ne amma muryar ba tasa ba ce, an taɓa ta, kuma shi ba zai kaɗa kiɗan mamaci da muryar wani ba. Ta ce ta tambaye shi ko yana nufin ƙanenta ɓarawo ne, ya ce shi bai kira sunan kowa ba. Sai ta rufe ido ta gaya masa maganganu, ta ce tsufa ya cinye masa kunne, ko kuma ya manta kiɗan ne yake neman abin fakewa. Ya ɗauki sandarsa ya fita. Ta ce in gaya mata gaskiya don Allah. A tsakiyar lungun nan, masu turin kaya na ce mini yalla yalla in ba su hanya, na rantse mata da Allah cewa ba abin da aka taɓa sai waya ɗaya. Na ƙara da cewa tsohon banza ne, ta rabu da shi.

Dattijon ya rasu bayan 'yan watanni, ba su shirya da Yaya ba. Kiɗan nan ya tafi da shi kabari. A tsakanin nan zamanmu da mutumin Kumasi ya lalace, kullum gori a kan la'ada, har ta kai ba ma gaisawa, kowa ya ware tukunyarsa. Wata rana na ce ya tattara ya bar fulat ɗin tunda da sunana aka kama. Bai yi gardama ba, ya ce halas, wato shi ke nan, zai fita, amma zan ji a jikina. Na ɗauka cika baki ne. Ashe ya ji ina waya cewa Yaya za ta shigo saro abaya, ya kuma san ɗan otal ɗin da matan Kano ke sauka a Al Buteen. Ya riga ni zuwa, ya nuna mata hotunan nan duka, har da wanda nake zaune a ƙasa da sanfefa a hannu. Na daɗe ina tsine masa, amma in za a bi gaskiya ni na fara cutarsa.

Da na iso otal ɗin da la'asar na same ta a falon ƙasa, 'yan kasuwar Kano maza da mata cike da wurin ana ɗaure kaya. Na durƙusa zan gaishe ta ta ce in miƙe. Ba ta ɗaga murya ba, amma kowa ya ji. Ta ce ba kuɗin ne ya dame ta ba, da na tambaya da ta bar mini gidan da ta gada. Sannan ta ce, "Na zagi sa'an ubana saboda kai. Ya mutu yana ganina mara tarbiyya, alhali shi ne mai gaskiya. Ka je ka tashe shi ka ba shi haƙuri, sai ka dawo mu yi magana." Ni kuma maimakon in sunkuyar da kai sai shaiɗan ya hau ni, na ce ai dama kayan gado ne, ina da haƙƙi a ciki. Ta ce ranar rabon ni na ce abin kunya ne, yaushe ya zama haƙƙi? Ta juya ga mutanen wurin ta ce duk mai son kayansa kada ya ƙara ba ni sallahu ko da na allura ne.

Na nemi Baturen nan kamar zan yi hauka. Da ƙyar na same shi a waya, ya ce tuni ya sayar wa wani a wata ƙasa ta intanet, ciniki ya ƙare, kada in sake kiransa. Na koma wurin tsohon mai gyara ko zai samo mini irinsu, ya ce ko an samu irinsu ba su ba ne, kuma shi ba ya hulɗa da ni. Maganar ta riga ni isa Kano. Waɗanda a da suke damƙa mini kuɗin saro ba tare da shaida ba suka janye ɗaya bayan ɗaya. A masallacin da muke haɗuwa a Naif, in na shigo sai hira ta canja. 'Yan'uwana maza da suka ce a farfasa jitar su ne suka fi kowa zafi, wai na cinye musu rabo, har yau muna wannan rigimar.

Abin da na koya shi ne, kwafi yana wucewa ne a wurin wanda bai damu da abin ba. Wanda ya so abu da zuciyarsa zai gane shi ko bayan shekara nawa, ko da idonsa ya dushe. Ina jan kunnen 'yan'uwana masu zirga-zirga: in an ba ku sallahu, ku mayar da shi yadda aka ba ku. In kun gano yana da wata daraja da mai shi bai sani ba, ku gaya masa, shi zai yanke abin da za a yi. Kada kuma ku kuskura ku rufe ƙarya da rantsuwa, don wanda ya yarda da ku zai je ya ɓata da mutanen kirki a kanku, wasu kuma ba za a sake samun damar ba su haƙuri ba. Na aika manya sun roƙi Yaya, ta ce ta yafe don Allah. Muna haɗuwa a sabgar dangi, tana amsa gaisuwata, tana tambayar iyali. Amma sunan da take kirana da shi tun ina goye a bayanta ta daina faɗinsa. Yanzu Alhaji take ce mini, yadda take ce wa kowane baƙo.