Hotunan da Kar-Ka-Motsa Ya Aika Gajimare

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana ɗaukar hoto a shago ɗaya, tsakanin shagon tela da na mai gyaran agogo. Kafin ya danna kyamara sai ya ɗaga yatsa ya ce, "Kar ka motsa," har sunan ya bi shi. Matarsa ma da shi take kiransa in ta so tsokana.

Mutum ne da ba ya zubar da hoto. Ko wanda mai shi ya rufe ido ya fito kamar mai jin barci, sai ya ajiye. Da haka kwamfutarsa ta cika maƙil, ta koma nishi kamar tsohuwa a kan matakala.

'Yarsa ta fari, malamar makaranta, ita ta zo ta duba masa ranar wata Asabar.

"Baba, ba gogewa za mu yi ba," ta ce, ganin ya haɗe rai. "Ma'ajiyar intanet za mu tura su, wadda ake ce wa gajimare. Sunan kowane hoto zai zauna a nan, da ɗan zanen gajimare a gefensa. Ranar da ka buƙace shi ka danna, ya sauko, zanen ya koma kore."

"Shi kaɗai ba ya saukowa?"

"Sai an kira shi."

Kwana uku hotuna suna hawa. Kwamfuta ta samu sarari, ta koma gudu.

Bayan kamar wata guda, ya buɗe shago da safe ya tarar da hoto ɗaya ya yi kore a cikin dubban gajimare. Wani direba ne mai wushirya, wanda ya ɗauka shekara tara baya. Bai kawo komai a ransa ba. Da yamma sai ga ƙanin direban, ido jawur, yana tambaya ko akwai tsohon hoton yayansa. Ashe da hantsi direban ya rasu.

Na biyu wata ungozoma ce, ita ma ranar da hotonta ya yi kore ta rasu. Na uku mai gyaran agogon da ke maƙwabtaka da shi, wanda a safiyar ma sai da suka gaisa, har ya yi masa tsiyar tumbi. Kafin la'asar mai agogon ya kife a kan teburinsa, gilashin aiki na maƙale a idonsa.

Mai hoton ya kira 'yarsa. Ta bincika ko'ina, ta canza kalmar sirri.

"Daga wannan kwamfutar aka buɗe su, Baba. Wa ke da makullin shagon?"

Ya zaro makullin daga aljihu ya nuna mata. Shi ke nan guda ɗaya, tun ranar da ya kama shagon.

Daga nan ya ɗauki wata ɗabi'a. Duk safiyar da ya ga kore, sai ya rufe shago ya nemi gidan mai hoton. Ba ya faɗin abin da ya kawo shi. Ya gaishe shi, ya tambayi iyali, in akwai tsohon saɓani ya nemi gafara, ya zauna yana juya hularsa. Wani ya same shi da ƙafarsa, wani ya tarar ana shimfiɗa tabarmin makoki a ƙofar gida.

Mutane ba su da wauta. Kafin shekara ta zagayo an lura, labarin koren ya bazu. In ya doso layi sai ka ji ƙofofi na rufuwa ɗaya bayan ɗaya, mata suna janye 'ya'yansu ciki. Masu zuwa ɗaukar hoto suka ƙaurace masa. Wata rana ya je duba yayansa, zumunci kawai, sai matar yayan ta tare ƙofa tana kuka.

"Don Allah ka faɗa mini gaskiya, hoton mijina ya yi koren ne?"

Ya rantse mata bai yi ba. Duk da haka ba ta bar shi ya shiga ba.

Washegari ya sa 'yarsa ta sayo babbar ma'ajiya ta hannu, baƙa, kamar ƙaramin littafi. Suka sauke hotunan gaba ɗaya a cikinta, suka rufe gajimaren. Tana aikin yana tsaye ya ba kwamfutar baya, ya ƙi kallon yadda fuskoki ke komawa kore a jere, har da na iyalinsa.

Babu abin da ya faru a ranar, ko a makon. Mutuwa ta ci gaba da zuwa yadda ta saba, ba tare da ta sanar da shi ba.

Yana nan da ransa, gemu ya yi fari fat. Ya koma ɗaukar hotunan fasfo, yawanci na baƙin da ba su san labarin ba. Yanzu da ya wanke hoto ya miƙa wa mai shi, sai ya juyo da fuskar kwamfutar, ya goge shi a gaban idonsa, sannan ya yi masa sallama.