Ranar da Kawu Ya Ce a Sunkuya

Har yau in na ji ƙaurin ɗanyen icce a wuta, sai gabana ya faɗi. Shekaranjiya ma maƙwabcina yana ƙona reshen magarya a bayan gida, na tashi daga tabarma na shige ɗaki. Ƙaurin zauren kawuna ne a Matameye, lokacin kaka, in gero ya shiga rumbu gonaki sun zama fili.

Kawu ƙanen innarmu ne, kuma ido ɗaya gare shi. Ɗayan ƙwallon goruba ce ta tsiyaye masa tun yana saurayi. In ba ka taɓa riƙe ta ba, to ka sani ita da dutse uwarsu ɗaya. Ita muke bugawa da sanda mai lanƙwasasshen kai, ƙwallon gora irin tamu ta 'yan unguwa. Wani in abu ya cuce shi sai ya tsane shi, Kawu kuwa sai ya zama mai yi mana sanduna. Ya saro reshe, ya gasa, ya lanƙwasa a gwiwa, ya ɗaure da kaba, ya jingine har ya bushe. Kowa da tasa daidai tsayinsa.

Doka ɗaya gare shi: in ƙwallo ta tashi sama, a sunkuya. Da wannan sharaɗin Inna ta yarda yayana ya zama mai tsaron gidanmu, shi ke tsayawa tsakanin damin kara biyu. Na ji da kunnena ta ce wa Kawu, "Da ido biyu na ba ka shi. Da biyu za ka maido mini."

A shekarar, samarin wani ƙauye ta wajen Kurni suka aiko mu je mu buga da su. Al'adar kuwa da zafi: wanda aka ci, ya zube sandunansa a fili ya koma hannu wofi. Muka hau amalanken shanu muna ta cika baki, Yaya ya fi kowa. Da muka isa, sai ga filinsu gonar gero ce da ba a tumɓuke tushiyar kara ba. Ƙwallo in ta daki tushiya sai ta yi tsalle. Su sun saba, mu ba mu saba ba. Kawu ya zagaya filin yana taɓa tushiyoyin da ƙafa.

Mun sha wuya, wallahi. Ƙafafunmu duk sun yi jini. Amma mun ci biyu, sun ci biyu, kuma dattijon garin ya ce da zarar shanu sun shigo gari wasa ya tashi, in canjaras ne kowa ya tafi da sandarsa. Har mun fara jin kukan shanun. Sai wani ƙato daga cikinsu ya ture ni, ya maka wa ƙwallo sanda. Ta daki tushiya, ta tashi, ta nufi fuskar Yaya. Yaya ya tsaya ƙyam ya ɗaga sanda.

"Sunkuya!"

Muryar Kawu ce, kuma jikinmu ya riga ya saba da ita. Yaya ya sunkuya. Ƙwallo ta bi ta saman kansa ta shige tsakanin damin kara.

Matan garin suka rangaɗa guɗa. Muka zube sanduna, yara suna wawa a kansu, aikin Kawu na kaka guda. Yaya ya jefar da tasa a gaban Kawu, cikin mutane, ya ce, "Da na tare ta! Da idon naka ɗaya me ka gani?"

Kai, maganar nan ta yi muni. Kawu dai ya ce, "Hau mu tafi." Ba wanda ya matsa masa a amalanke, da ƙafa ya biyo mu har gida. Ya tsaya a ƙofar ɗakin Inna ya ce, "Ga ɗanki nan. Duba da kyau, biyu ne."

Daga ranar zaurensa ya mutu. Yaya har hanya ya canza don kada su haɗu. Da rani ya shigo Kawu ya tafi ci-rani Kano kamar kullum. Zazzaɓi ya kama shi, can aka binne shi, labari kawai ya zo mana. Da aka buɗe zauren, muka tarar da sabbin sanduna jingine, kaba ba a kwance ba. Wadda ta fi tsayi ta Yaya ce.

Yanzu gonakin da muke wasa duk sun zama gidaje, yaran unguwa kuwa ƙwallon ƙafa suka sani, goruba sai dai su gaigaya su yar. Yaya tela ne a kasuwa. Ya yi furfura, amma har yau ba da tabarau yake zura zare a allura ba, da idon nan ya ciyar da iyalinsa. Sandar tana rataye a saman keken ɗinkinsa, da kabarta.

Bara na nuna ta, na ce, "Yaya, ka tuna?"

Keken ya tsaya. Ya ce, "Da na tare ta." Sai ya sa bayan hannu ya share idonsa, duka biyun.