Waƙafin da Ya Tsinka Zuciyar Dogo

Dogo malamin kwamfuta ne a makarantar sakandare, mutumin da bakinsa ke nauyin cewa a'a. Yayarsa nas ce, kullum tana ƙorafin wahalar lissafa maganin yara bisa nauyinsu. Da aka yi hutu sai ya rubuta mata 'yar manhaja, ya kuma saka ta a intanet kyauta, kowa ya ɗauka, mai iyawa ya gyara.

Kafin shekara uku asibitoci barkatai sun rungume ta. Wannan ya roƙi a ƙara harshensu, wancan ya turo nasa gyaran. Dogo karɓa kawai yake yi, wani ƙarin ma ko karantawa bai yi ba. Matarsa takan ce, "Malam, tulun nan fa ya fi ƙarfin gammonka." Sai ya yi dariya.

Wata Talata, yana tsakiyar darasi, saƙo ya shigo daga wata nas a wata ƙasa: "Na sa nauyin jariri kilo biyu da rabi, manhajarka ta ba ni maganin mai kilo ashirin da biyar. Allah ya sa na lura."

Allin hannunsa ya faɗi. Ya bar ɗalibai ya nufi ɗakin malamai. Can ya gano matsalar. A ƙasar nas ɗin, da waƙafi ake raba lamba, ba da ɗigo ba, kuma wani ƙari da ya karɓa wata biyu baya yana goge waƙafin, sai 2,5 ya koma 25. Wata biyu cur!

Ya kira yayarsa. "Yaya, idan wata ba ta lura ba fa?"

"Gyara tukuna," ta ce. "Kuka ba ya guduwa."

Ya gyara, ya aika gargaɗi ko'ina. Mako guda, wayarsa na motsi zai zabura ya duba. Ranar da ya ga matarsa za ta ba 'yarsu maganin tari, fizge cokalin ya yi, ya sake aunawa har sau uku.

Daga nan ya cire rabin abin da ke cikin manhajar. Ya samu wani mai haɗa magunguna da wata injiniya, ya rubuta cewa ba abin da zai sake shiga sai su ukun sun duba. Wasu suka zage shi, wasu suka kwafi tsohuwar suka yi gaba.

Har yau ba wanda ya kawo labarin yaron da ya cutu. Amma Dogo ya san ba kowane asibiti ne ke rubuto wa malamin makaranta ba.