Rubutun Malam Bello a Ƙunshin Tsire

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar da aka haifa mini jikana na fari a Aliero, ina tsakiyar karɓar barka, direban da ke ɗaukar mana albasa ya ce, "Baba Umaru, malaminka na Jega ya rasu."

Malam Bello malamin kimiyya ne a sakandare. Da yamma kuma yakan koyar da mu masu furfura. Shi ya riƙe hannuna har na rubuta sunana.

Binciken ƙwayar halitta ne ya shige masa rai. Ya taɓa ɓare albasata, ya zaro tantanin nan mai shara-shara, ya ce, "Baba, kowace ƙwaya ta jikinka da nata tantani, amma na kitse ne. A ciki akwai wani zare mai yanke ɗan'uwansa awa wuƙa. In ya jingina da kitsen, kaifi shika ƙarawa ko dakushewa? Shi nika son sani."

Don haka yake neman kitse wurin mahauta. Ku kuwa mutanen Jega kuka ce tsafi yake yi. Kuka daina ba shi hannu a masallaci, yau ga ku kan tabarmar gaisuwa kuna cewa mutumin kirki ne. In na harzuƙa yakan ce, "Ƙyale su, Baba, ba su gani ba." Ni ba ni da haƙurinsa.

Ranar suna na sa aka raɗa wa yaron Bello. Da azahar surukina ya kawo tsire daga Jega. Ina buɗe ƙunshin sai ga rubutun Malam, da zanen zaren nan kwance kan tantani, maiƙon nama ya jiƙa shi. Ashe Sani ƙanen Malam ya kwashe akwatin takardunsa ya ba mai tsire, tun ba a tashi makoki ba.

Na bar baƙina na hau mota sai Jega wurin Sani.

"Sani, ba ka ji kunya ba?"

"Takarda ce hwa, Baba. Mi za ta yi muna?"

Rabin takardun ya riga ya tafi da nama. Sauran na karɓo wurin mai tsire na ɗauro su a rawanina, suna ƙarƙashin gadona. Ba na gane su, amma Bello ƙarami zai gane in Allah ya raya shi.

Allah ya jiƙan Malam Bello, ya haskaka kabarinsa, ya ba matarsa da 'ya'yansa haƙuri. Ku kuma, Allah ya isa tsakaninku da shi.