Rigar da Baba Bai Ƙarasa Ba

Mahaifina maɗinkin babbar riga ne a Ƙofar Galadima, aikin hannu, zare da allura. Tun ina yaro nake ganinsa a bakin zaure, inda haske ya fi, yana ɗinki yana kushe masu ɗinkin keke. "Wannan ai ba ɗinki ba ne," yakan ce, "gaggawa ce kawai."

A gidanmu uba ke ɗinka wa ɗansa rigar angwanci. Kakana ya yi masa, shi ma ya yi wa yayyena. Ni ne auta, ni kuma na tarar da ciwon yatsunsa.

Da aka sa ranar aurena ya sayo farar shadda, ya zana mata adon aska takwas. Bai kai rabi ba yatsunsa suka fara kumbura. Da safe sai su sandare, sai Inna ta jiƙa masa su a ruwan ɗumi. Ta ce sanyi ne. Wanzami ya zo ya yi masa ƙaho, jini ya fita, ciwo ya gyara zama. Aka shafa man kaɗanya da citta har ɗakin ya riƙe warin. Ni da kaina na sayo kwalba wurin mai talla da lasifika, wadda wai ita ce maganin basir, ita ce ta shawara, ita ce ta gaɓoɓi. Har yau in na ji muryar irinsu raina ɓaci yake yi.

Sai da muka gaji muka je asibiti. Likita ta ce amosanin gaɓɓai ne. Ƙwayoyi za su rage zafi, gashi da ruwan ɗumi zai taimaka, amma yatsan da ya karkace ba zai miƙe ba.

"Baba, a ajiye allura haka nan," in ji ta.

"'Yar nan, in ajiye ta in ɗauki me?"

Ƙwayoyin suka tayar masa da ciwon ciki. Duk da haka kullum sai ya fito zaure, ni ke zura masa zare. Wata rana da la'asar allurar ta faɗi kan tabarma. Ya yi ta ƙoƙarin tsinto ta, yatsun suka ƙi haɗuwa. Ina kallo, na kasa taimaka masa, na kasa kau da kai.

Ya naɗe rigar ya miƙo mini. "Kai wa mai keken bakin kasuwa. Kada ka ce daga wurina take."

Ranar ɗaurin aure kowa ya yaba rigar. Da na durƙusa gaishe shi, ya kama gabanta, ya bi ɗinkin da kumburarren yatsansa har inda nasa ya tsaya, sannan ya sake ta. Bai ƙara zama a bakin zaure ba.

Ciwon bai bar shi ba har ya bar duniya. Yanzu ɗana ya fara tasawa, ni kuwa ko maɓalli ban iya ɗinkawa ba.