Gargaɗi Ba Ya Karya Alwala

Ni mai waswasi ne tun tasowata. Nakan sake alwala sau uku don ban tabbata ruwa ya kai gwiwar hannu ba. Karatuna a aji shida na firamare ya tsaya. Sauran abin da na sani, a rumfata ta gyaran waya da kwamfuta na koye shi, a bakin kasuwar Gwandu.

Ƙanwata ce ta yi karatu mai zurfi. Tana koyarwa a wata makaranta a Kalgo, inda aka ba su tsofaffin kwamfutoci shida. Shugaban makarantar ya ce in ranar Litinin bai ga ɗalibai suna koyon rubuta manhaja a kansu ba, zai kulle su a sito ya soke darasin. Sai ta aiko mini da guda ɗaya, da takardar da ta jera abin da zan yi.

Aikin shi ne in gina yaren kwamfutar da za ta koyar, daga asalin rubutunsa wanda aka yi da wani yaren da ake kira C. Wannan sai da kwamfaila, wato manhajar da ke juya rubutun ya zama abin da na'ura ke ganewa. Babbar da kowa ke amfani da ita ta fi ƙarfin kwamfutar, da ta fara sai komai ya daskare. Don haka ta sako mini wata 'yar ƙarama a filashi.

Na yi bismillah na danna. Rubutu ya yi ta gudu a baƙin allo, sai ga wata kalmar Turanci. Na duba ƙamus, ma'anarta gargaɗi. Na tsayar da aikin, na goge komai, na koma farko. Haka na kwana uku: in bar shi ya ɗan wuce inda na tsaya a baya, sabon gargaɗi ya fito, in sake gogewa. Kowane gargaɗi sai na kwafe shi a littafi da lambar layinsa, kuma kunya ta hana ni kiranta.

Ranar Asabar da hantsi ƙanwata ta sauka daga mota.

"Yaya, ina aka kwana?"

Na miƙa mata littafin. Ta buɗe shafi uku, sai dariya ta kama ta har ta dafa benci.

"Wai alwala kake wa kwamfutar? Gargaɗi ba ya karya alwala, Yaya. Kuskure ne ke karyawa, shi kuwa da kansa zai tsayar da aikin."

"To in akwai ɓarna a ciki fa?"

"Ƙaramar kwamfailar ce ke gunaguni, an saba rubuta abin don babbar yayarta. Danna, ka zauna a kan hannuwanka."

Na zauna a kansu da gaske. Gargaɗi na ta wucewa, ina kallo. Can sai aikin ya tsaya da kansa. Kuskure na gaske, kuma saƙon bai faɗi inda matsalar take ba, wani suna kawai ya nuna. Dariyarta ta ɗauke.

Amma ni na ga wannan suna a baya. Na buɗe littafina, ga shi a gargaɗi na tara, da fayil ɗin da layin. Wani salon rubutu ne da babbar kwamfaila kaɗai ta sani. Ta sauya layi biyu, muka sake dannawa. Kafin azahar ya kammala. Ta rubuta umarni ɗaya, allon ya amsa da "sannu".

"Ashe waswasin naka yana da rana," in ji ta, ta jefa littafin a jakarta.

Lahadi na bi ta Kalgo muka yi sauran biyar. Ranar Litinin ina rumfa ta kira ni, ta ɗaga wayar sama don in saurara. Ina jin ƙarar madannai da hayaniyar aji. Na gode wa Allah, na gode mata. Littafin har yau bai dawo ba, wai da shi take nuna wa ɗalibai bambancin gargaɗi da kuskure.