Filashi Uku na Uwar Tsari

Uwar Tsari ake ce mata a layin masu buga takardu, kuma ba a yi mata ƙarya ba. Shekara goma sha tara tana shago ɗaya, fanka na kaɗa mata iska mai zafi, yatsunta na gudu a kan kwamfuta. Filashi uku na adana aikin kwamfuta gare ta: ɗaya a aljihun tebur, ɗaya a jaka, ɗaya a ɗaure da makullin gida. Duk wanda aikinsa ya ɓace, harara yake sha kafin jaje.

Kawunta tsohon direban jirgin ƙasa ne. Da idonsa ya mutu, sai ya riƙa zuwa duk Asabar, ya zauna a benci yana faɗin tarihin rayuwarsa, ita tana bugawa. Shekara uku suka yi a haka, shafi ɗari huɗu, babu ko layi ɗaya a takarda.

"'Yar nan, kin adana?" Haka yake tambaya kullum in zai tashi.

"Har wuri uku, Kawu."

Ita dai ba ta son tarkace. In za ta rufe shago, sai ta kwafi fayil ɗin yau ta danne na jiya da shi, a duk filashin. Kuma ba ta taɓa buɗe su ta duba ba. Mai tsari kamarta, duba me?

Wata Asabar aka ɗauke wuta tana cikin adanawa, fayil ɗin ya lalace ba ta sani ba. Da wuta ta dawo ta ga sunansa na nan, ta kwafa. Sau uku kwamfuta ta tambaye ta ko a danne tsohon, sau uku ta amince.

Cikin makon ɓarin jikin Kawu ya shanye, magana ta tafi. 'Ya'yansa suka roƙe ta ta buga littafin a takarda su riƙa karanta masa. Ta buɗe filashin tebur, ba komai sai alamomi barkatai. Na jaka ma haka. Ta sa na ukun, shi ma haka.

Mai gyara ya yi kwana biyu a kai, sannan ya girgiza kai. "Anti, da kin bar ko na makon jiya a ɗayansu..."

Baƙin ciki ya hana ta cin abinci. Da ta shiga ɗakinsa, Kawu ya gane takunta. Ya ɗaga hannun da ya rage masa, da ƙyar ya miƙe yatsu uku.

Ta durƙusa a gefen gadon, ta riƙe yatsun.

"Suna nan, Kawu," ta ce. "Duk ukun."